TARIHIN MAKRO MAI IDO: Me Ya Sa Kwamfuta Ke Cewa Ba Ta Ga Hoton Ba Alhali Ga Shi A Gabanta?

Darasinmu na yau tarihi ne, amma irin tarihin da zai yi maka rana idan makro ɗinka ya tsaya cak yana cewa bai ga hoton da ka ba shi ba.

Ga wanda bai sani ba, makro ɗan ƙaramin shiri ne da kake haɗawa domin kwamfuta ta riƙa maimaita wani aiki da kanta. Ta danna nan, ta rubuta can, ta ajiye, ta koma farko. Mai shagon kwamfuta da ke shigar da sunaye ɗari biyar cikin fom iri ɗaya, ko ma'aikacin ofis da ke kwafe lissafi daga Excel zuwa wata tsohuwar manhaja, duk suna iya barin makro ya yi musu aikin su tafi cin abinci. Ɗaya daga cikin hanyoyin da makro ke gane inda zai danna ita ce ta hoto: ka yanko hoton maballin, ka ce masa ya nemo irinsa a sikirin ya danna.

To, a nan gizo ke saƙar. Jiya ya yi aiki lafiya lau, yau ya ce bai gani ba, maballin kuma ga shi ƙuru-ƙuru a gabanka. Wani lokacin ma abin ya fi haka muni, sai ya ga abin da ba shi ba ya danna, kamar ya danna maballin gogewa a maimakon na ajiyewa. Kusan kowane dalili da ke jawo wannan yana da shekarar da aka haife shi. Idan ka san yadda abin ya taso, za ka san inda za ka fara dubawa.

LOKACIN DA SIKIRIN RUBUTU NE ZALLA

A 1971 kamfanin IBM ya fito da wata na'ura mai suna 3270, sikirin da kibod kawai, wadda ma'aikatan banki da kamfanonin inshora ke amfani da ita wajen magana da babbar kwamfutar kamfani. Mafi shaharar tsarinta layi 24 ne, kowane layi na ɗaukar harafi 80. Babu hoto, babu mawus.

Da ƙananan kwamfutocin tebur suka yaɗu a shekarun 1980, sai aka samar da hanyar da wani shiri zai karanta wannan sikirin da kansa. IBM ta kira tata hanyar HLLAPI. Aikin mai sauƙi ne, domin shirin zai ce a ba shi abin da ke layi na 5 daga harafi na 20, sai a miƙo masa rubutun kansa. Harafin "A" harafin "A" ne, ko da wane launi aka nuna shi. Matsalar "ban ga hoton ba" ba ta ma taso ba tukuna.

MAI TAFIYA CIKIN DUHU YANA ƘIRGA TAKU

Zuwan Macintosh a 1984 da Windows 3.0 a 1990 ya sauya komai. Sikirin ya koma zane: tagogi, maballai, gumaka, da kibiyar mawus. Windows 3.0 ta zo da wata 'yar manhaja mai suna Recorder, wadda ke naɗar abin da ka danna da inda ka kai mawus, daga baya ta maimaita. Abin da take riƙewa lamba ce kawai, wato ɗigo nawa daga hagu, ɗigo nawa daga sama.

Ka kwatanta ta da mutumin da ya haddace ɗakinsa, yana tafiya cikin duhu yana ƙirga taku. Muddin ba a taɓa komai ba zai kai bakin gado lafiya. Ranar da aka matsar da kujera kuwa sai ya yi karo. Haka Recorder take, da zarar maballi ya matsa wani wuri daban sai ta danna fili. Microsoft ba ta saka ta cikin Windows 95 ba.

A 1999 Jonathan Bennett ya fitar da AutoIt, domin sauƙaƙa wa masu saka manhajoji a kwamfutoci da yawa, kada su zauna suna danna maballin ci gaba sau dubu. AutoIt ya fi Recorder wayo, yana iya jira sai taga mai wani suna ta bayyana kafin ya danna. Daga baya aka ƙara masa iya duba launin ɗigo guda a sikirin. Ido ya fara buɗewa kenan, amma ɗan tsito.

RANAR DA MAKRO YA SAMU IDO

A ƙarshen 2003 Chris Mallett ya fitar da AutoHotkey, wanda ya samo tushe daga AutoIt. A cikin umarnin da AutoHotkey ya shahara da su akwai ImageSearch. Ka ba shi ƙaramin hoto, ka nuna masa yankin da zai duba, sai ya gaya maka inda hoton yake.

Yana da kyau ka fahimci yadda wannan "gani" yake, domin shi ne tushen duk matsalar. Sikirin ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. Kowane ɗigo yana da lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Makro zai ɗora ɗan hotonka a kusurwar sikirin, ya kwatanta lambobin ɗaya bayan ɗaya. Idan ba su yi daidai ba ya matsa gaba da ɗigo guda ya sake, har ya gama yankin. Sikirin mai 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600, ka ga ba ƙaramin lissafi ba ne.

Shi fa bai san mene ne maballi ba. Lambobi kawai ya sani. A asalin tsarin ImageSearch, idan ɗigo ɗaya ya kamata ya zama 200 ya tarar da 201, to a wurinsa hoton ba ya nan, duk da cewa idonka ba zai taɓa bambance su ba. Shi ya sa aka ba shi zaɓin sassauci, lamba daga 0 zuwa 255 da kake rubutawa bayan alamar tauraro, wadda ke nufin ya yafe bambancin launi har zuwa wannan adadin.

Matsaloli biyu da ake fama da su har yau sun samo asali daga nan. Ta farko ita ce irin fayil ɗin hoton. Tsarin JPEG, wanda aka daidaita a 1992, yana rage nauyin hoto ne ta hanyar zubar da wasu bayanai, saboda haka launukan suna ɗan gurɓata. PNG kuwa, na 1996, ba ya taɓa ko ɗigo ɗaya. Wanda ya yanko hoton maballi ya ajiye shi a JPEG, ko ya tura wa kansa ta WhatsApp a matsayin hoto aka matse shi a hanya, ya riga ya lalata shi tun kafin ya fara. Ta biyu ita ce wurin da ake fara awo. AutoHotkey yana aunawa ne daga tagar da ke gaba, sai in ka yi amfani da CoordMode ka ce masa ya auna daga kusurwar sikirin gaba ɗaya. Mutane da yawa hotonsu lafiyarsa ƙalau, makro ne kawai ke dube-dube a inda ba nan ba.

SIKULI DA ZAMANIN "YA YI KAMA"

A ɗaya ɓangaren kuma, tun 1999 kamfanin Intel ya fara wani aiki a ƙarƙashin Gary Bradski, wato OpenCV, tarin kayan aiki na kyauta domin kwamfuta ta iya sarrafa hotuna. Cikakken fitowarsa na farko ya zo a 2006. A cikinsa akwai hanyar neman ƙaramin hoto cikin babba wadda ke ba da maki, ba amsar "e" ko "a'a" kaɗai ba. Maki 1 na nufin daidai wa daida, abin da ya yi ƙasa da haka kuma yana nuna iya kamannin da ke tsakaninsu.

A 2009 wasu masu bincike a jami'ar MIT da ke Amurka, Tom Yeh da Tsung-Hsiang Chang da malaminsu Rob Miller, suka gabatar da Sikuli, wanda ya ɗora a kan OpenCV. Sunan daga harshen mutanen Huichol na ƙasar Meziko aka aro shi, kuma yana da alaƙa da ido. Abin da ya burge mutane shi ne, a cikin shirin da kake rubutawa hoton maballin kansa kake mannawa, ka rubuta "danna" a gabansa, shi ke nan. Daga baya Raimund Hocke ya karɓi ragamar aikin ya ci gaba da shi da sunan SikuliX.

Sikuli yana karɓar hoto idan makinsa ya kai 0.7, sai in ka canza. Masu harshen Python kuma suna da PyAutoGUI na Al Sweigart, wanda ya yi suna bayan fitowar littafinsa na koyar da Python a 2015. A can umarnin shi ne locateOnScreen, ma'aunin kamannin kuma sunansa confidence, amma ba zai yi aiki ba sai ka saka OpenCV a kwamfutar.

Wannan ci gaba ya magance ciwo ɗaya ya kawo wani. Da can makro yakan ce bai gani ba. Yanzu yana iya cewa ya gani alhali wani abu ne daban. Maballai biyu masu launi ɗaya da girma ɗaya, rubutun cikinsu ne kawai ya bambanta, suna iya samun maki kusa da juna, domin mafi yawan ɗigon da ke cikin hoton launin bango ne. Idan ka yi ta rage ma'aunin don kawai saƙon kuskure ya daina fitowa, garin neman ƙiba za ka samo rama. Kama da wane ba ta wane. Makro da ya tsaya ya ɓata maka lokaci ne kawai, wanda ya danna maballin da ba shi ba sau ɗari biyu cikin dare kuwa zai iya shafe maka aikin mako guda.

SIKIRIN ƊIN MA BAI TSAYA WURI ƊAYA BA

Yayin da masu makro ke gyara idonsa, su kuma masu ƙera kwamfuta suna ta canza abin da zai kalla.

A 1998 Microsoft ta sanar da ClearType, dabarar gyara gefen haruffa domin su yi sumul a sikirin na zamani. Tana cikin Windows XP a 2001, sannan a Windows Vista, da ta fito kasuwa a farkon 2007, aka kunna ta tun daga farko. Idan ka ƙara girman hoton rubutu sosai za ka ga gefen baƙin harafi yana da ɗan ja da ɗan shuɗi. Wannan gefen yana iya bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, shi ya sa hoton da ke ɗauke da rubutu ya fi saurin ƙin aiki idan ka kai makro wata na'urar.

Vista ɗin dai ta zo da tagogi masu gefe kamar gilashi, inda abin da ke baya ke ɗan leƙowa. Canza hoton bangon kwamfuta kaɗai ya isa ya canza launin saman taga. Ta kuma zo da tsarin tsaro da ke hana ƙaramin shiri aika dannawa zuwa tagar da aka buɗe da ikon mai kula da kwamfuta. A irin wannan yanayi makro zai ga hoton sarai, ya kai mawus wurin, amma dannawar ba za ta shiga ba.

Babbar girgizar ita ce ta girma. Shekaru da yawa Windows tana aiki da ma'aunin ɗigo 96 a kowane inci, wanda yanzu ake kira kashi 100. A 2010 Apple ta fitar da iPhone 4 mai sikirin Retina, ɗigo 960 da 640 a filin da a da yake ɗaukar 480 da 320. A 2012 abin ya shigo MacBook Pro, sauran kamfanoni ma suka bi sahu. Da ɗigo suka ƙanƙance, dole a riƙa zana komai da ɗigo masu yawa don kada rubutu ya yi ƙanana. Daga nan saitin kashi 125 da 150 da 200 ya zama ruwan dare. Maballin da faɗinsa ɗigo 80 ne a kashi 100 zai koma 100 a kashi 125, ya koma 120 a kashi 150.

Hanyar kwatanta ɗigo da ɗigo ba ta jure canjin girma. Ko ka sassauta ma'auni, hoton ɗigo 80 ba zai hau kan na 120 ba. Windows 8.1 ta 2013 kuma ta ba da damar kowane sikirin ya samu nasa ma'aunin, wato laftof ɗinka na iya zama a kan 150, babban sikirin da ka jona masa yana kan 100. Ka ja taga daga wannan zuwa wancan, makro ya rikice. A Mac mai Retina kuma akwai sanannen abin da ke faruwa da masu PyAutoGUI: ya gano hoton, amma lambobin wurin da ya bayar sun ninka biyu, sai ka raba su biyu kafin mawus ya sauka daidai.

Sai kuma yanayin duhu, wanda ya shigo macOS Mojave a 2018 da Android 10 a 2019. Farin bango ya koma baƙi, wasu na'urorin ma da kansu suke juyawa idan rana ta faɗi. Makro ya yi aiki da hantsi, da magariba ya ƙi. A 2021 Windows 11 ta zo ta lanƙwasa kusurwar tagogi, ta dawo da gumakan ƙasa tsakiya. Duk wanda ya tara hotunan Windows 10 sai da ya sake yanko da yawa daga cikinsu.

HANYAR DA BA TA BUƘATAR IDO

Akwai wata hanya da ta taso gefe da gefe, kuma ba don makro aka yi ta ba. A 1997 Microsoft ta fitar da Active Accessibility domin manhajojin da ke karanta wa masu larurar gani abin da ke sikirin. A 2006 aka kawo magajinsa, UI Automation. Ta wannan hanya manhaja da kanta ce ke faɗin cewa ga maballi a nan, ga sunansa, ga matsayinsa. Makro da ya bi ta nan bai damu da launi ko girma ba.

Akwai kuma karanta rubutu daga hoto. Tesseract, wanda kamfanin HP ya fara haɗawa a 1985, an sake shi kyauta a 2005, Google ta ɗauki nauyinsa daga 2006. Da shi makro zai nemi kalmar da ke jikin maballi a maimakon siffarsa.

Manyan manhajojin sarrafa aikin ofis irin su UiPath da Power Automate Desktop, wanda Microsoft ta mayar kyauta ga masu Windows 10 a 2021, sun fi dogara da sunan maballi, sai in babu hali su koma hoto. Kuma akwai inda babu halin: wasannin kwamfuta, wasu tsofaffin manhajoji, da aiki a kwamfutar nesa ta Citrix ko Remote Desktop, inda abin da ke iso maka hoton sikirin ne kawai. Wannan ne ya sa neman hoto bai mutu ba har yau. A kwamfutar nesa kuma ka sani ana matse hoton gwargwadon ƙarfin intanet, don haka launi na iya canzawa idan netwok ya yi rauni.

Daga ƙarshen 2024 kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun fara fitar da shirye-shiryen da ke kallon hoton sikirin su gane maballi ko da kamanninsa sun sauya. Sun fi sassauci, amma sun fi jinkiri, galibinsu suna buƙatar intanet, kuma su ma suna yin kuskure.

TO MU MASU WAYA FA?

Labarin ɗaya ne. Android 5.0 ta 2014 ta ba manhajoji damar ɗaukar hoton sikirin da izininka, Android 7.0 ta 2016 kuma ta ba su damar danna sikirin ta hanyar sashen taimaka wa masu larura. A kan waɗannan biyun ne manhajojin danna-da-kanka masu neman hoto suka tsaya. Hoton da ka yanko a wata waya ba lallai ya yi aiki a wata ba, saboda yawan ɗigonsu ba ɗaya ba ne. Canza girman rubutu ko juya wayar a kwance ma ya isa. Idan kuma ka ga baƙin sikirin kawai makro ke samu a manhajar banki, da gangan aka toshe ɗaukar hoto a wurin, kada ka nemi hanyar zagayewa.

A kula sosai a nan. Izinin nan na sashen masu larura yana ba manhaja damar karanta abin da ke sikirin ɗinka da dannawa a madadinka, kuma shi ne irin izinin da manhajojin satar kuɗin banki ke nema. Kada ka ba wa manhajar da aka turo maka a guruf ko ka sauke daga shafin da ba ka sani ba.

IDAN YA CE BAI GANI BA, BI WANNAN JERIN

1. Sa makro ɗin ya ɗauki hoton sikirin da kansa a daidai lokacin da ya kasa, ka buɗe ka duba. Sau da yawa za ka tarar shafin bai gama buɗewa ba, ko wata taga ta rufe maballin. Maganin shi ne ya riƙa sake dubawa na wasu daƙiƙoƙi kafin ya haƙura.

2. Duba ma'aunin girma na Windows da zum ɗin burawuza. Su kasance yadda suke ranar da ka yanko hoton.

3. Tabbatar hoton PNG ne, kuma a kwamfutar da makro zai yi aiki aka yanko shi.

4. Kawar da mawus daga kan maballin kafin ka yanka, domin maballai da yawa suna canza launi idan kibiya ta hau kansu.

5. Yanko ƙaramin yanki mai alama ta musamman, ka bar gefe da inuwa da bango.

6. Duba yankin da ka ce ya bincika da inda yake fara awo. Taƙaita yankin yana ƙara sauri, yana kuma rage kuskure.

7. Sai a ƙarshe ka taɓa ma'aunin kamanni, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa a shafin da ke da maballai masu kama da juna.

8. Ka tsara abin da zai yi idan bai gani ba. Ya tsaya, kada ya ci gaba da dannawa. PyAutoGUI ma yana da birkin gaggawa, ka wurga mawus zuwa kusurwar hagu ta sama shirin zai tsaya.

Kafin duk wannan, ka fara tambayar kanka ko manhajar tana da gajeriyar hanya ta kibod, ko ana iya kiran maballin da sunansa. Idan akwai, bi ta nan ka ajiye hoto sai inda ya zama dole.

Wanda ke da makro da ya ƙi aiki ya rubuto mana a ƙasa: sunan manhajar da yake amfani da ita, irin Windows ko wayarsa, da ma'aunin girman sikirin ɗinsa. Da waɗannan ukun za mu fi saurin gano inda matsalar take. Ku tura wa abokanku masu shagon kwamfuta su ma su amfana.